Darasi: Neman Gidan Haya Mai Sauƙin Kuɗi a Madawa, Buza da Keita

Kowace shekara, idan damina ta ja baya aka soma shirin komawa makaranta, motocin da ke bin babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi sukan sauke wasu irin fasinjoji a tashar Madawa. Da ganinsu an san baƙi ne: katifa a naɗe, jaka ɗaya, tukunyar gas, da takardar tura su aiki a aljihu. Wani malamin makaranta ne ɗan kwantiragi, wata ungozoma ce, wani malamin gona, wani kuma ƙungiyar agaji ce ta ɗauke shi. Wasu a nan za su tsaya, wasu su nemi motar Buza, wasu su zarce Keita. Takardar ta faɗa musu inda za su yi aiki, amma ba ta ce komai a kan inda za su kwana ba.

Gundumomin nan uku na jihar Tawa ba ƙananan wurare ba ne. A ƙidayar 2012, Madawa ta haura mutum dubu 500, Buza ta haura dubu 400, Keita kuma dubu 300. Sai dai mafi yawan jama'ar a ƙauyuka suke, cikin gidajen gado. Garin Madawa kansa bai cika mutum dubu 30 ba a lokacin, kuma ya fi garin Buza da na Keita girma. Ma'anar wannan ga mai neman haya ita ce gidajen da aka gina don haya kaɗan ne, masu nema kuma kusan lokaci ɗaya suke zuwa. Wanda ya iso a makon farko na Oktoba ya tarar da 'yan'uwansa malamai sun riga shi.

A Madawa akwai ƙarin masu takara. Garin yana kan hanya tsakanin Ƙonni da Maraɗi, kuma kwarin Tarka da ke kewaye da shi ƙasar albasa ce. Idan aka shiga lokacin cire albasa, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, fatake da dillalai da direbobin manyan motoci masu kai kaya Gana da Kwadebuwa suna cika gari, ɗakin da ba shi da mai kwana sai ya zama wurin ajiya ko masauki. Ga kuma ƙungiyoyin agaji. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana aiki da asibitin gundumar, kuma tun da 'yan gudun hijira daga jihar Sakkwato suka fara kwararowa yankin Bangi saboda 'yan bindiga, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da wasu ƙungiyoyin suka zauna a Madawa. Su ne ke ɗaukar manyan gidajen siminti masu katanga, kuma ba sa ciniki kamar yadda ɗan albashi yake yi. Mai gidan da ya taɓa ba ƙungiya haya da wuya ya sake kallon malamin firamare da idon rahama. Keita ta ga irin wannan tun da wuri: lokacin da aka buɗe aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ma'aikata da direbobi da injiniyoyi sun sauka a ƙaramin garin da bai saba da baƙi masu albashi ba.

Gida a bakin mutane yake

A waɗannan garuruwa ba a neman gida a jarida, ba kuma kasafai ake ganin allo a ƙofa an rubuta cewa akwai haya ba. Labarin ɗakin da ya faɗi yana bakin mai shayi, da mai gadin makaranta, da ɗan kabu-kabu, da limamin unguwa, da malamin da aka canja wa wuri wanda yake ɗaure kayansa. Wannan na ƙarshe ya fi kowa amfani. Ya san kuɗin da yake biya na gaskiya, ya san inda rufin yake yoyo, ya san halin mai gida. Don haka abu na farko da mai hankali yake yi da zarar sunansa ya fito shi ne ya nemi lambar darektan makaranta ko majo, wato shugaban asibitin da aka tura shi, ya tambayi wanda zai gada.

Abu na biyu shi ne kada ya biya ko dala ɗaya daga nesa. Yanzu tura kuɗi ya yi sauƙi, ta NITA ko Amana ko Airtel Money, cikin minti kaɗan sun isa. Sauƙin nan ne ya sa wasu ke turo hoton ɗaki ta WhatsApp su ce a yi maza a kama kafin wani ya riga. Hoto ba ya nuna warin masai, ba ya nuna ƙoramar da ke bayan katanga. Gani ya kori ji. Ya fi kyau baƙo ya sauka wurin abokin aiki ko ɗan garinsu na mako ɗaya ko biyu, ya taka gari da ƙafarsa. A ƙasar Hausa wannan ba abin kunya ba ne, kuma da wuya a rasa mai cewa a zo a raba tabarma.

Dillalai suna nan, musamman a Madawa, kuma suna da amfaninsu. Amma a yanke ladansu tun kafin a fita, a kuma fahimci cewa dillali ba shi ne mai gida ba.

Nan ne wata matsala ta ƙasar Adar, inda Buza da Keita suke, take shigowa. Adarawa mutanen tafiya ne. Daga Buza da Keita da Tamaske maza suna fita nema zuwa Abijan, Legas, Kamaru, Libiya da Aljeriya, wasu na rani ɗaya, wasu na shekaru. Da yawa daga cikin sababbin gidajen bulo da ke bayan gari da kuɗin can aka gina su, ɗaki bayan ɗaki, gwargwadon abin da aka turo. Mai gidan yana Abijan, makulli yana hannun ƙanensa, kuɗin haya kuma uwarsa ce take sa rai da su. Idan ɗan haya bai tantance wa zai riƙa ba kuɗi ba, wata rana sai mutum biyu su zo karɓar hayar wata ɗaya. Akwai kuma ranar da mai gidan zai dawo, ko ya aiko a ce zai yi wa ɗansa aure bayan girbi, ana son ɗakin. Saboda haka tambayar da ta kamata, cikin ladabi, ita ce:

"Baba, gidan naka ne, ko riƙo kake yi wa wani?"

"Na ƙanena ne, Mushe, yana Kwadebuwa. Ni ke kula da shi."

"To Baba, don Allah a kira shi mu gaisa, ya ji muryata, in ji tasa. Kuma a gaya mini ko akwai bikin da ake shiryawa a gidan nan bana."

Dattijon kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fusata da tambayar ya riga ya ba da amsa.

Lissafin bayan gari

Kowa ya san haya a bayan gari ta fi sauƙi. Sababbin unguwannin da aka yanka filaye a gefen Madawa, ko a hanyar fita Buza, suna da ɗakuna sababbi, da fili, da iska, ba hayaniyar kasuwa. Abin da ba kowa yake zama ya lissafa ba shi ne kuɗin da nisan yake ci a kowace rana. Bututun ruwa da turakun lantarki a hankali suke bin gari, gine-gine kuwa gudu suke yi. Sau da yawa gida yakan riga famfo isa unguwa da shekaru.

Ga misali don aikin aji. Alkaluman na koyon lissafi ne, kowane ɗalibi ya musanya su da farashin garinsu. A ɗauka malami yana karɓar jika 75, wato sefa 75,000, a wata. An nuna masa ɗaki da falo guda biyu. Na farko yana cikin gari, tafiyar ƙafa kaɗan zuwa makaranta, akwai famfo a tsakar gida, haya jika 20, kason kuɗin ruwa jika 2. Jimla jika 22. Na biyu yana bayan gari, haya jika 12 kacal, babu famfo. Shi da matarsa da yaro ɗaya suna buƙatar jarka huɗu a rana, ɗan ga-ruwa yana kawo kowace a kan dala goma, wato sefa 50. Sefa 200 ke nan a rana, jika 6 a wata. Kabu-kabu zuwa makaranta sefa 200, dawowa 200, cikin kwanakin aiki 22 ya kama sefa 8,800. Idan aka haɗa, gidan jika 12 ya koma sefa 26,800. Ya fi na cikin gari tsada da sefa 4,800, ba a ma sa kuɗin zuwa kasuwa da asibiti ba.

Amma lissafin yana iya juyawa, kuma nan ne darasin yake da daɗi. Idan malamin yana da keke, ko nisan bai fi ƙarfin ƙafarsa ba, kuɗin kabu-kabu ya fita, gidan bayan gari ya tsaya a jika 18, ya rage masa jika 4 kowane wata. Idan babur gare shi, sai a duba mai. Gwamnati ta sauke farashin litar fetur zuwa sefa 499 a watan Yulin 2024. Rabin lita a rana cikin kwana 22 ya kusa sefa 5,500, ban da gyara da faci. Kuma kada a manta man kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya ya daina arahar da aka san shi da ita tun da aka cire tallafin mai a can a 2023, sannan a watan Maris na 2025 an yi ƙarancin fetur a Nijar har layuka suka yi tsawo a gidajen mai. Wanda rayuwarsa ta rataya a kan babur ya ji a jikinsa.

Ba a ce bayan gari ba shi da kyau ba. Cewa aka yi kuɗin haya kashi ɗaya ne daga cikin kuɗin zama, kuma shi kaɗai ne mai gida yake faɗa.

Sai kuɗin shiga. Masu gidaje da yawa suna neman hayar wata biyu ko uku a gaba, wasu su ƙara da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Ga sabon ma'aikaci wannan ya fi komai nauyi, domin albashin farko ba ya zuwa da wuri, kuma jinkirin biyan malaman kwantiragi tsohon zance ne da ƙungiyoyinsu suka sha shiga yajin aiki a kansa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne tun daga Janairun 2024. Mai gadi ko mai shara da ke karɓar wannan, idan aka ce ya kawo wata uku na ɗakin jika 10, an cinye masa fiye da kashi biyu cikin uku na albashin wata kafin ya sayi tiyar hatsi. Gara a faɗa wa mai gida gaskiya tun ranar farko: albashi yakan makara, in ya zo za a biya gaba ɗaya. Masu gidaje a garuruwan ma'aikata sun san wannan sarai. Abin da ba sa yafewa shi ne ɗan haya ya riƙa sauya hanya idan ya hango su.

A duba gida da idon damina

Yawancin ma'aikata a ƙarshen damina ko farkon kaka suke kama gida, lokacin da ƙasa ta soma bushewa, komai ya yi kyau. Alhali gidan ƙasar Adar a watan Agusta ake sanin halinsa. Yankin tuddai ne na dutse da kwaruruka. Ruwan sama ba shi da yawa a shekara, amma idan ya sauko a kan faƙo ba ya nutsewa, gangarowa yake yi da ƙarfi ta ƙoramu zuwa Majiya da Tarka da kwarin Keita. Dalilin da ya sa aikin Keita ya shafe shekaru yana jera duwatsu a gangare da gina madatsai ke nan, mata ne kuma suka yi mafi yawan aikin, ana biyan su da abinci. Filin da ya fi araha a gefen gari sau da yawa shi ne wanda ke bakin hanyar ruwa, kuma 'yan gari sun san dalilin arahar.

Daminar 2024 ta tuna wa kowa wannan. Ambaliya ta kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, gidajen ƙasa suka rushe da yawa, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, wani ɓangare saboda waɗanda suka rasa muhalli suna zaune a cikin azuzuwa.

Don haka mai duba gida ya fara daga waje, ya sunkuya ya kalli gindin bango. Idan akwai wani layi mai duhu ko farin gishiri-gishiri da ya zagaye ginin a tsayin taƙi ɗaya ko biyu, ruwa ya taɓa kwanciya a wurin. Ya duba ko daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida kuma ta fi titi. Ya ɗaga kai ya ga indararo: ina yake zubarwa, kuma ƙasan wurin ya zaizaye? A cikin ɗaki ya rufe ƙofa da taga da tsakar rana ya kalli sama. Duk inda haske ya ɓullo ta kwano, nan ruwa zai ɓullo. Idan rufin azara ne da ƙasa, ya ƙwanƙwasa itacen ya ji ko gara ta cinye cikinsa, ya tambayi yaushe aka yi yaɓe na ƙarshe, da wanda zai biya na gaba. Sannan ya fita ya sami tsohuwar da ke maƙwabtaka, ya gaishe ta, ya ce: "Inna, bara ruwa ya shigo nan?" Ita ba ta da riba a cinikin.

Zafi ma abin lissafi ne. A Afrilu da Mayu ma'auni yana haura digiri 40. Ɗakin bulo mai kwano ba silin ya fi kyan gani, amma da azahar tanderu ne, kuma ba ya hucewa sai dare ya raba. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi sanyi, ya fi araha, sai dai yana son kulawa kowace shekara. Gidan da ke da bishiyar bedi a tsakar gida ya cancanci ƙarin jika ɗaya ko biyu, domin rabin shekara a waje ake kwana. Wanda kuma ya zaɓi kusa da fadama saboda sanyi da kayan lambu, ya sayi gidan sauro tun kafin ya sayi labule.

Wuta, maƙwabta da takarda

Lantarkin yankin na kamfanin NIGELEC ne. An buɗe tashar hasken rana a Malbaza a 2018, amma kaso mai yawa na wutar ƙasar daga Najeriya yake zuwa, kuma kowa ya tuna watannin da aka yanke ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Abin da ya shafi ɗan haya kai tsaye shi ne mita. A gidajen haya masu ɗakuna a jere, mita ɗaya ce ga kowa, kuma rabon kuɗinta ya raba abokai da yawa: mai ƙwai ɗaya da fanka ba ya yarda ya biya daidai da mai firji da dutsen guga. A tambayi yadda ake rabawa. A nemi ganin takardar biya ta ƙarshe, ta wuta da ta ruwa, don kada a gaji bashin wanda ya tashi. A rubuta lambar da mita ta nuna ranar shiga. Inda wuta ba ta kai ba, ƙaramin faifan sola da batir yana riƙe fitila da cajin waya, kuma yana bin mai shi duk inda aka sake tura shi.

Maƙwabta kuwa su ma suna zaɓe. Gidan iyali da matan aure ba kasafai yake karɓar gwauro ba, kuma kada saurayi ya ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci, tsarin gida ne. Mace ma'aikaciya da ta zo ita kaɗai, malama ko ungozomar da za a iya tasa da tsakar dare, sau da yawa sashe a cikin gidan dattijo ya fi mata kwanciyar hankali da mutunci a idon gari fiye da keɓantaccen gida a ƙarshen unguwa, ko da ya fi arha. Zuwa gaishe da mai unguwa a makon farko ba ya cin ko sisi, ranar rigima kuma shi ne farkon wanda za a je wurinsa.

Nijar tana da dokar haya tun 1996, amma a waɗannan garuruwa yawancin ciniki da baki ake yin sa, a tafa hannu, a yi fatiha. Mutane suna jin nauyin neman takarda, kamar an zargi dattijo da rashin amana. Malamai kuwa sun sani cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ba sai an je wurin lauya ba. Shafin littafin makaranta ya isa: sunan mai gida da na wakilinsa, kuɗin wata, ranar biya, abin da aka bayar a gaba, kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi, wanda zai gyara rufi da kwashe masai, da tsawon sanarwar da kowane ɓangare zai ba ɗaya kafin tashi. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, a ɗauki hotonsa a waya. Kowane wata kuma mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban kwanan wata. Batun sanarwa ya fi shafar ma'aikacin gwamnati, tun da ana iya canja masa wuri a tsakiyar shekara, kuɗinsa na wata biyu suna hannun mai gida.

Wanda aka tura ƙauye

Kaso mai yawa na sababbin ma'aikata ba a manyan garuruwan uku ake ajiye su ba. Ana tura su Urno, Azarori, Sabon Gida, Karofane, Tabotaki, Tama, Garhanga, Ibohaman, ko wani ƙauye da ke bayan waɗannan. A nan tambayar takan juye: ya zauna a ƙauyen, ko ya kama ɗaki a babban gari ya riƙa zuwa da babur?

A ƙauye sau da yawa mai gari ko iyayen yara ne ke ba malami ɗaki, kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wasu asibitocin karkara kuma suna da masaukin majo a harabarsu. Babu wuta, ruwa sai rijiya mai zurfi ko famfon tuƙa-tuƙa, waya sai an hau tudu. A gari akwai duk waɗannan, amma ga haya, ga mai, ga hanyar da ƙorama ke yankewa idan an yi ruwa, ga kuma yankunan bakin iyaka da ba a son bin su bayan magariba. Da yawa suna raba ƙafa: mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya a Buza ko Madawa don Asabar da Lahadi da ranar karɓar albashi, sauran kwanakin kowa yana ƙauyensa.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya nemi gidaje biyu na haya a garinsu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a gefe. Ya tambayo kuɗin haya, da kuɗin jarkar ruwa a unguwar, da kuɗin kabu-kabu zuwa makaranta ko asibiti mafi kusa, ya fitar da jimlar wata ɗaya ga iyali mai mutum uku. Ya kuma rubuto abin da maƙwabta suka faɗa masa game da daminar bara. A zama na gaba za a haɗa alkaluman a allo, sannan ɗalibai biyu-biyu su rubuta takardar haya, ɗaya a matsayin wakilin mai gidan da ke Abijan, ɗaya a matsayin malamar da aka turo daga Maraɗi.